Mun Kai Baba Dapaong Ya Ga Kwaɗo

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar muka bar Sokode, mu uku: ni, da ƙanena da ke tuƙi, da mahaifinmu a kujerar gaba, an tokare masa hannun hagu da matashi. Motar ta wani abokin ƙanena ce, ya ba mu aro na kwana biyu bisa sharaɗin kada mu taɓa rediyonta, wai in an kunna ta fitila mutuwa take yi. Inna ta rako mu har bakin titi da kwanon ƙosai da filas ɗin koko, tana ta jaddada mini lokutan magani kamar ba ni nake sayo shi ba. Ku da kuka ga hotunan da na sa kuna ta tambayata abin da ya kai mu Dapaong da marar lafiya, to ga yadda aka yi.

Baba mahauci ne. Sama da shekara arba'in ya yi a layin mahauta na babbar kasuwa, kuma duk wanda ya san shi ya san mutum ne da ke saɓa cinyar saniya a kafaɗa yana tafe yana gaisawa da jama'a. Wata takwas da suka wuce hawan jini ya kayar da shi a bakin teburinsa, ɓarin hagu ya shanye. Allah ya sa magana ta dawo, hannun dama lafiya lau, likita kuma ya ce ƙafar za ta iya ɗaukarsa in dai zai riƙa takawa kullum. Sai Baba ya ƙi. Na sayo masa sanda mai ƙafa huɗu, ya ce a jingine ta. Ma'aikacin asibitin da ke zuwa motsa masa jiki ya zo sau biyar, a na shida Baba ya juya fuska bango har mutumin ya gaji ya tafi. Ba zafi yake gudu ba. Sau ɗaya ya gwada takawa a tsakar gida, ya faɗi a gaban wasu maƙwabta da suka zo dubiya, aka taru aka cicciɓe shi kamar buhun masara. Tun daga ranar daga gado sai kujera, shi ma sai ƙanena ya ɗauke shi. Likitan ya ja ni gefe ya ce in aka ƙara wasu watanni a haka ƙafar za ta sandare, daga nan kuma sai haƙuri.

Mu 'ya'yan Baba da labari guda aka rene mu. Lokacin yana saurayi, ƙungiyar ƙwallon garinmu tana da wani gola, Bamoba ne, ɗan wata ƙabila ta arewacin ƙasarmu, 'yan kallo suka sa masa suna Kwaɗo. Har yau tsofaffi na gardama ko don tsallensa ne, ko don yana kulle raga kamar kwaɗon ƙofa. A wani wasa aka take masa hannu yatsa biyu suka karye, ya ɗaure su da tsumma ya ci gaba, ana dab da tashi kuma aka ba da fanareti ya tare. Baba yana bayan raga ranar, tare da sauran mahauta. Wannan labari na ji shi ya fi sau dubu. In na ce kaina na ciwo ba zan je makaranta ba, sai a tuna mini da yatsun Kwaɗo. In ƙanena ya ce jarkar ruwa ta yi masa nauyi, yatsun Kwaɗo. Ranar da gobara ta cinye mini shagon atamfa na zauna ina kuka, Baba ya ɗaga mini yatsu biyu kawai, na gane, na share hawaye. Shi ya sa wata rana da haushi ya ishe ni na juya masa makaminsa, na ce to ina labarin Kwaɗo yanzu. Bai ko dube ni ba. Ya ce Kwaɗo ya tafi buga ƙwallo ƙasar waje tuntuni, can ya mutu, kowa ya sani.

Ashe kowa bai sani ba. Akwai wata mai kawo tumatir daga Dapaong da ke sayen zane a wurina. Muna hira na ba ta labarin halin da muke ciki, sai ta ce a unguwarsu akwai wani tsoho mai lambu, yatsunsa a karkace, an ce ya taɓa tsaron raga a Sokode. Da ta koma ta aiko mini da lambar 'yarsa. Na kira, aka ba shi waya, na ce ko shi ne Kwaɗo. Ya ce rabon da a kira shi da wannan suna an fi shekara talatin. Da na faɗa wa Baba, ya ce ƙarya ne. Bayan kwana biyu ya sa Inna ta ciro masa farar rigarsa ta Idi a wanke. Sandar nan kuwa ni na cusa ta a bayan mota a ƙarƙashin tabarma, ba tare da ya sani ba.

Damina ce, hanya ta yi kore shar. Gari ya waye mana muna hawan duwatsun Alejo, hazo kwance a cikin kwari kamar an shanya auduga. Ƙanena ya bi ta tsohuwar hanya don mu wuce ta tsakiyar dutsen nan da aka tsaga, ya ce wa Baba ya duba, Baba ya ce ya wuce nan a bayan motar shanu tun ba a haife shi ba. A Bafilo mata sun jera sabuwar doya a bakin titi, tsibi-tsibi, na so in tsaya, aka ce sai a dawowa. Manyan motocin kaya da ke tafiya Wagadugu su ne sarakunan wannan hanya. In ka shiga bayan ɗaya a kan hawa, sai ka haddace duk addu'ar da aka rubuta a jikinta kafin ka samu wucewa.

A Kara muka tsaya karin kumallo wajen wata mata kusa da tasha. Wake da shinkafa take sayarwa da soyayyen wagashi, cukun nan na Fulani, da yaji baƙi mai sa hanci zuba. Na sefa ɗari biyar ya ishi mutum har ya bari. Akwai benci a inuwa, taku biyar daga mota, amma Baba ya ce a miƙo masa nasa ta taga. Haka ya ci, gilashi a ɗage rabi, yana kallon gaba kamar wanda ke jiran a ɗauke shi hoton katin shaida.

Daga Kara zuwa Kante hirar ƙwallo aka yi, ko in ce ƙanena ya yi. Shi mutumin ƙwallon Turai ne, ya san albashin kowane ɗan wasa da sunan matarsa, ranar ma rigar ƙungiyarsa ce a jikinsa. Ya yi ta bayanin wani gola da aka saya da kuɗin da zai gina kasuwarmu sau uku. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce waɗannan da iska in ta taɓa su sai su kwanta suna birgima a kan ciyawa mai laushi kamar katifa, a kawo su filinmu na da mai tsakuwa a gani. Wannan ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa cikin makonni. Ni dai a baya nake zaune ina riƙe da kujera, domin gangaren Defale ba wurin gardama ba ne, kwana ce bayan kwana, ga rami a gefe. Kuma gaskiya ƙwallo ba ta taɓa burge ni ba. A ganina wahala ce mutum ya ɗora farin cikinsa a kan ƙafar wani da bai san yana duniya ba.

Bayan Kante ƙasa ta miƙe ta zama fili. Duwatsu suka koma baya, sai kuka da kaɗanya, da gonakin dawa da auduga, da zabi suna tsallaka titi kamar nasu ne. Shingen jami'an tsaro ya yawaita, kamar yadda kuka san halin da arewa take ciki. A kowanne sai a nuna kati, a buɗe bayan mota. Ni kuwa duk buɗewa gabana sai ya faɗi, kada a ɗaga tabarma Baba ya hango sanda ta madubi. Wani soja ya leƙo ya gaishe da Baba da Hausa mai kyau, ya yi masa addu'ar samun sauƙi, ya ce mu wuce.

A Mango muka yi azahar, bayan mun haye gadar kogin Oti da ya cika ya yi ja. Na sayi busasshen kifi da dafaffen ƙwan zabi, na dawo mota na tarar ƙanena ya kifa kai a sitiyari. Baba ya ce a juya a koma gida. Na tambaye shi ko jikin ne, ya ce a'a. Sai da na matsa sannan ya faɗi abin da ke ransa, a hankali, yana kallon hannun nan da ke kwance a kan matashi: ba ya so Kwaɗo ya gan shi a haka. Ya fi so ya bar shi yadda yake a ransa, shi ma a bar shi yadda yake.

Ƙanena ya fara lissafa nisan da muka yi, na ce ya yi shiru. Sai na faɗa wa Baba gaskiyar da ke hannuna. 'Yar Kwaɗo ta kira ni muna Kante ta ce sun kama zabi biyu tun safe sun ɗaure. Su Kirista ne, kuma mahaifinta ya ce tunda baƙon nasa mahauci ne Musulmi, ba wanda zai yanka sai shi, don ya ci da kwanciyar hankali.

"Baba, in mun juya, mutanen nan da zabinsu za su wuni suna jiranku," na ce.

Baba ya juyo ya dube ni. Ya tambaya ko sun ba zabin ruwa, domin ba a barin dabba da ƙishi don za a yanka ta. Na ce ban sani ba. Ya ce to a kira a faɗa musu. Ƙanena ya tayar da mota, ba wanda ya sake maganar juyawa.

Mun shiga Dapaong wajen ƙarfe uku, an ɗan yi yayyafi an ɗauke. Gari ne mai jar ƙasa da duwatsu a gefe, babura da amalanken jaki suna raba hanya ba faɗa. 'Yar Kwaɗo, malamar jinya ce mai fara'a, ta tarye mu a kan babur ta yi mana jagora har cikin gida. Ƙanena ya shigar da motar dab da rumfa, ta yadda daga kujerar mota zuwa kujerar zama Baba bai yi fiye da juyawa ba.

Tun ina yarinya nake ganin Kwaɗo a raina ƙato ne da sai ya sunkuya zai shiga ƙofa. Wanda ya fito mana ɗan siririn tsoho ne mai sanƙo, bai fi ni tsawo da yawa ba, yana ɗingisa ƙafar dama, sanye da farar taguwa da aka goge ta har tana ƙyalli. Hannuwan ne kawai suka yi daidai da labari: manya, yatsun kowanne da inda ya nufa. Ya kama hannun Baba da duka biyun, Baba ya riƙe ya kasa saki. Ba su san juna ba, kuma Kwaɗo bai yi ƙaryar cewa ya tuna shi ba. Amma ya ce yana tuna mahautan bayan raga, masu zuwa da wasu ƙarafa suna kaɗawa, kuma duk ranar da aka ci wasa sai ya tarar an aiko masa da hanta a ganye, bai taɓa sanin wa ke aikowa ba. Baba ya ce karo-karo suke yi. Hausar Kwaɗo ta zangon Sokode ce da ya koya yana saurayi, ba ruwanta da mace ko namiji. Ni ma "kai" yake ce mini, matarsa ma in ya ambace ta sai ya ce "shi".

Ya ba mu labarinsa ba tare da an tambaya ba. Daga Sokode wata ƙungiya a ƙasar waje ta ɗauke shi, ya yi shekaru yana cin abinci da ƙwallo, ya gina wa mahaifiyarsa ɗaki, ya ɗauka haka za a tafi. Sai gwiwa ta tashi aiki a wani wasa da ba shi da wani muhimmanci. Aka yi masa aiki a asibiti sau biyu bai yi ba. Ya ce ranar da zai dawo gida, da motarsu ta iso Sokode sai ya ja hula ya rufe fuska ya kwanta a kujera har aka fita gari, don kada wanda ya taɓa tafa masa ya gan shi da sanduna biyu. Shekara biyu ya yi a ɗaki. Da labari ya zo masa cewa a Sokode ana cewa ya mutu, bai ƙaryata ba, ya ga hakan ya fi masa sauƙi. Matarsa ce ta fitar da shi, ta daina kai masa abinci ɗaki, ta ce tuwo yana gindin bishiya ga mai so. Matar tana gefe tana wanke tukunya, ta ce da bai fito ba da ita za ta cinye.

Na saci kallon Baba. Kansa a ƙasa yake.

Ƙanena ne ya tayar da zancen fanaretin, ina jin don ya sauya hira. Kwaɗo ya yi dariya har da tari. Ya ce gaskiyar magana, da yatsun suka karye sau biyu ya roƙi a canza shi, aka ce ɗaya golan yana kwance da zazzaɓi, babu kowa. Kuka yake yi a cikin raga, yana goge hawaye da kafaɗa kamar gumi. Da aka ba da fanareti bai karanta ƙafar kowa ba. Ya faɗa ɓangaren hannunsa mai lafiya ne kawai don ya kare karyayyen, ƙwallo ta zo ta buge shi a ƙirji.

Baba ya ɗago kai. Ya ce ba haka aka yi ba. Kwaɗo ya ce wallahi haka aka yi. Baba ya ce shi da idonsa ya ga ya yi kamar zai tafi hagu ya yaudari mai bugu, sannan ya tashi sama ya tafi dama. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna yadda aka yi, har matashin ya faɗi. Murya ta dawo masa irin ta kasuwa, wadda ake ji daga layin masu kifi.

"Kai kana ƙasa a lokacin, me ka gani?" in ji Baba. "Mu da ke tsaye mu muka gani."

Gidan ya ɗauki dariya, har da jikokin da ba sa jin Hausa. Kwaɗo ya ɗaga hannu ya ce ya sallama, mai kallo ya fi shi gaskiya.

Sai aka zo maganar zabi. Ƙanena ya ce bari ya kawo su nan gaban Baba. Matar gidan ta ce ba a zubar mata da jini a bakin rumfa, wurin yanka yana gindin bishiyar dogon yaro, can ƙarshen tsakar gida. Taku ashirin ne ko fiye kaɗan. Har yau ban sani ba ko da gangan ta yi. Ƙanena ya sunkuya zai ɗauki Baba kamar yadda ya saba, Baba ya ture hannunsa. Ya dube ni ya ce in je in ɗauko abin da na ɓoye a ƙarƙashin tabarma, tun shingen farko ya gani.

Ya miƙe da ƙyar. Ya sa sanda gaba, ya ja ƙafar, ya sake. Na ƙirga taku takwas a raina. A na tara ƙafar sandar ta nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya tafi gefe guda, ya zube. Hularsa ta gangara. Ni da ƙanena muka zabura tare.

"Bar shi," in ji Kwaɗo. "Kada kowa ya taɓa shi."

Ya ɗingiso, ya dafa gwiwarsa mai ciwo, ya sauka a hankali, ya kwanta a ƙasa kusa da Baba da farar taguwar nan tasa, fuska da fuska. Matarsa ta yi wa jikokin tsawa da yarensu suka shige ɗaki, ita kuma ta juya baya ta ci gaba da wanke tukunyar da ta riga ta fita. Baba ya rufe ido, hawaye na bin gefen hancinsa.

"Yaya," in ji Kwaɗo, "ni shekara goma sha biyar ana biyana albashi don in riƙa faɗuwa a gaban mutane. Ba a taɓa koya mini yadda ba zan faɗi ba. Tashi aka koya mini. Buɗe ido ka ga yadda ake yi."

Ya sa aka kifa turmi kusa da su. Ya nuna masa: a mirgina ta ɓangaren mai lafiya, a tokare da gwiwar hannu, a zauna, a huta. A ja jiki zuwa turmi, a dafa, a durƙusa, a kafa ƙafa mai ƙarfi a gaba, sannan a tura. Ya yi ya miƙe, ya sake kwanciya ya ce su yi tare. Karo na farko Baba ya tsaya a zaune ya kasa gaba. Na biyu ya kai ga durƙuso ya koma. Kwaɗo bai ce masa sannu ba ko sau ɗaya, sai dai "sake", kamar yadda na ji masu horarwa ke yi. A na uku Baba ya yi wani nishi da na san shi da shi tun yana ɗaga nama, ya miƙe tsaye, hannu a kan turmi, rigar Idi ta koma ja. Kwaɗo ya miƙa masa sanda, ya ɗauko hular ya kaɗe ya ɗora masa. Sauran takun tare suka yi su, ɗaya na ɗingisa dama ɗaya na jan hagu.

A gindin bishiya aka ba Baba kujera da wuƙa. Ya gwada bakinta da babban yatsa ya ce wannan ko tumatir ba za ta yanka ba, a kawo dutse. Ƙanena ya riƙe dutsen, Baba ya wasa, sannan ƙanena ya danne zabon, Baba ya yi bisimilla. Wata takwas rabonsa da riƙe wuƙa, amma hannun bai manta komai ba. Muka ci tuwon dawa da miyar kuɓewa da naman zabi kafin magariba, Baba ya yi ƙari, abin da Inna ta ƙi yarda da shi da na faɗa mata a waya.

A wani masauki kusa da kasuwa muka kwana. Da safe muka koma sallama, muka tarar Kwaɗo a lambunsa a bakin dam, yana ɗaure tumatir a jikin karare. Kafin ya fara aiki kullum sai ya yi motsa jikin da ya saba tun yana wasa, in ji 'yarsa, ko ana ruwa. Ita ce ta ja ni gefe ta faɗa mini abin da ban zata ba. Ta ce su ma da labarin fanaretin nan suka tashi, amma daga bakin mai shi, kuma tunda babu hoto babu shaida, sun ɗauka ƙarin gishirin tsufa ne. Jiya ce rana ta farko da suka ji wani daga waje ya faɗa. Ta ce bayan tafiyarmu ya sa ta fassara wa jikokin duk abin da Baba ya ce, har da wurin yaudarar mai bugu, bai gyara ko kalma ɗaya ba.

Kwaɗo ya cika mana bayan mota da tumatir da albasa, Baba ya ba shi kilishin da ya sa abokan sana'arsa suka yi musamman. Sun daɗe riƙe da hannun juna. Kwaɗo ya ce in gwiwa ta bari zai zo Sokode, da rana, fuska a buɗe.

Dawowa ba ta yi tsawon zuwa ba. Baba ya yi barci daga Mango har Kante. A Kara muka koma wajen mai wake da shinkafa, wannan karon ya sauko ya zauna a benci, ya ce wagashin nata gishiri ya yi yawa. Na samu doyata a Bafilo. La'asar sakaliya muka shiga Sokode, Inna na bakin ƙofa.

Ba zan ce muku Baba ya warke ba. Ƙafar tana nan da nauyinta, hannun hagu bai motsa ba, kuma akwai ranar da zai tashi da baƙin rai ya ce a ƙyale shi. Abin da ya canza a wurina shi ne yadda nake kallon masu kallon ƙwallo. Da ina cewa ɗan wasa bai san kana yi ba, me zai ba ka. Yanzu na ga saurayi mai kuka a cikin raga, wanda ya tsaya don kawai babu wanda zai maye gurbinsa, ya ba wani mahauci abin da ya rene 'ya'ya da shi, ya tashe ni daga tokar shagona, alhali bai san sunan ko ɗayanmu ba. Labarin Baba ya fi abin da ya faru ado, amma mutumin ya gama wasan da karyayyun yatsu, wannan kam ba a ƙara masa ba. Na kuma ga cewa su ma 'yan wasan, in tafi ya ƙare, suna buƙatar wanda zai zo ya ce musu yana wurin. Ƙanena har na daina yi masa tsiya a kan rigarsa. Wa ya san abin da yake ɗauka daga wurin nasa gwanayen ya ajiye don wata rana.

Ranar Talata da safe na biya gida kafin in wuce shago. Ina shiga na ga Baba kwance a ƙasa a tsakar gida, turmin Inna a kife kusa da shi. Jakata ta faɗi. Inna ta leƙo daga madafa ta ce in kwantar da hankalina, shi ya kwanta da kansa, karo na uku ke nan tun safe, ita ko barkono ta kasa dakawa.

Baba ya tokare da gwiwar hannu ya zauna, ya dube ni sama da ƙasa.

"Matsa, kin tare mini hanya."

Na matsa gefe. Na cusa hannuwana a cikin mayafi na damƙe su don kada su kai masa ɗauki, na tsaya a nan har ya miƙe.